Glory Tana Ohio

Olive Yashim, wadda kowa ke kira Maman Glory, ba ta iya yin abu rabi-rabi ba. In ta soya manja duk benen sai ya sani, in ta ɗauki waƙa a coci sai an rage lasifika. Daga Zonkwa ta fito. Ta koyar a firamare, mijinta ya rasu, sannan cacar biza ta kawo ta Amurka da 'yarta ɗaya tilo a goye. A Silver Spring take zaune, hawa na huɗu, ni kuma ina ƙarƙashinta a na uku, kuma gidan kula da tsofaffi ɗaya muke aiki. Abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Ciwo ɗaya Olive ta taho da shi daga gida, shi ne jami'a. Jarabawar JAMB ta hana ta shiga, ta ƙare a kwalejin horon malamai, kuma har yau in ta ce "kwaleji" sai ta yatsine fuska kamar ta tauna tsakuwa a shinkafa. Don haka da wata jami'a a jihar Ohio ta ɗauki Glory, Olive ba ta tsaya tambayar komai ba, ta nemi a ba ta dama ta yi godiya ta musamman a coci ranar Lahadi. Mu matan zumuntar coci muka ɗaura zanenmu iri ɗaya, muka rako ta da rawa tun daga ƙofa har gaban bagadi, tana juyi tana share hawaye, Glory na biye da ita kai a sunkuye. Aka ɗauka a waya. Kafin yamma duk Zonkwa ta gani.

Sai bayan an gama rawa aka duba kuɗin makarantar. Ko Olive ta daina barci ta haɗa aikin dare da na rana, ba za ta kai ba. Glory ce ta kawo mafita. Akwai kwalejin shekara biyu nan kusa, irin wadda nan ake kira community college, bas ɗaya daga ƙofar gida. A fara a can da araha, a ƙarasa a jami'a, takardar digiri kuma iri ɗaya ce da ta wanda ya shiga kai tsaye.

"Kwaleji?" in ji Olive. "Bayan na yi rawa? Maman Becky ce fa ta riƙe min jaka ina juyi. In koma in ce musu me, a dawo min da rawata?"

Maman Becky ita ce uwar zumuntarmu, ba ta da mugunta, amma ba ta mantuwa.

Aka yi ta ja, a ƙarshe uwa da 'ya suka daidaita. Glory za ta shiga kwalejin, amma a wurin jama'a tana Ohio.

Mu kuwa muka yi abin da aka saba a gida in yaro zai tafi makarantar kwana. Kowace ta kawo nata: garin rogo, ƙuli-ƙuli, yaji, dambun nama, Maman Becky har da bargo mai kauri, wai ta ji Ohio da sanyi. Muka cika akwati, muka ɗora wa yarinya hannu muka yi addu'ar tafiya, muka sa ta a tasi muna ɗaga hannu. Direban, wani bawan Allah ɗan Nijar, ya zaga da ita gari, da muka watse ya dawo da ita ta ƙofar baya. Ohio mafi kusa a duniya ke nan.

Daga nan doka ta fara aiki. Ba zuwa coci sai Kirsimeti da dogon hutu. Ba shiga kantin kayan Afirka, don can ne matanmu ke haɗuwa. Glory da ke jan waƙa a ƙungiyar matasa ta bar wa wata wurinta. Ranar da juyin koyon waƙa ya zo gidan Olive, sai a kwashe takalman yarinya daga bakin ƙofa, a rufe ta a uwar ɗaki. Mu muna falo muna roƙon Ubangiji ya tsare 'yarmu a ƙasar da ba ta da kowa, ita tana bayan bango tana jiƙa ƙuli-ƙulinmu a baki kada a ji ƙarar tauna.

Ni tun satin farko na gane, domin ranar hutuna Olive na wurin aiki amma ina jin takun ƙafa a saman kaina. Na ce mata, "Maman Glory, ɓerayen hawa na huɗu sun fara sa silifa."

Ta kalle ni, ta ce, "Maman Joel, don girman Allah." Ban ƙara ba. Haushinta na ji, amma tausayin ya fi yawa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne Olive na da abin da sauran matan ke kuka a kai. 'Ya'yansu sun tafi nesa, sai a kira sau biyar kafin su ɗaga waya. Ita kuwa ta dawo aiki ta tarar an tuƙa tuwo, an shafa mata man zafi a baya, a zauna a yi hira. Amma in an haɗu ranar Lahadi sai ta fi kowa jan tsaki a kan kewar 'ya. Da Kirsimeti Glory ta "dawo", mata suka yi ta juya ta suna cewa kai, Ohio ta karɓe ta, dubi kumatu.

Yarinyar ta yi karatu kamar za ta cinye littafin, to me za ta yi in ba shi ba? Da shekara biyun ta cika, jami'o'i biyu suka neme ta. Ɗaya a College Park, nan bayan gida. Ɗayar kuwa ita ce dai ta Ohio, wannan karon da tallafin da ya ɗauke kusan komai.

Olive ta riga ta tsara nata. "Ki ɗauki ta kusa, sai mu ce kin nemi canji kin dawo gida. Ki koma coci, ki karɓi waƙarki, shi ke nan an rufe."

Ina wurin, na kawo mata aron tukunya. Glory kullum da Turanci take amsa wa uwarta, amma ranar sai ta tattaro Hausarta mai tuntuɓe ta ce, "Mommy, na gaji da zama a Ohio a cikin ɗakina. Gara in je in ga wurin."

Ta tafi wata Talata da safe, mu biyu muka raka ta tashar bas. Ba wanda za a gayyata, tunda a sanin kowa hutu ne ya ƙare ta koma.

Olive ta rame. Ta bar girki sai shayi da burodi. A koyon waƙa na gaba ta ɗauki baiti kamar yadda ta saba, muryar ta tsinke a tsakiya, ta zauna ta rufe fuska da gefen zane. Aka tsayar da kiɗa. Maman Becky ta matso ta dafa kafaɗarta, ta ce da ita a hankali, "Haba Maman Glory. Shekara ta uku ke nan fa. Ai ya ci a ce kin saba."

Olive ta ɗago ta dube ni, ta dubi matan da suka zagaye ta. Ta share fuska ta ce, "Na saba, Mama. Mura ce."