Ƙarfen Anayo da Gajiyayyun Batura

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki shagon Musiliu, a layin da ke bayan ƙonanniyar kasuwar Taminus, ya san ƙafarsa ba ta taka keke irin na sauran teloli. Nasu kekunan tafiya suke bai ɗaya. Nasa kuwa sai ya yi huɗu, ya yi uku, ya ɗan numfasa, ya sake ɗauka. Ka tsaya ka ƙirga, bakwai ne, kullum bakwai. Yaran layin, da ke kiransa Baba Funke, suna cewa kekensa ɗingishi yake yi. Shi dai murmushi kawai yake, don ya san daga inda ɗingishin ya fito.

A Jos aka haife shi, iyayensa 'yan Ogbomosho ne da fatauci ya kawo su. Kafin ya zama tela sai da ya yi makaɗi. A ƙarshen shekarun saba'in su uku suka haɗu: shi a kan ganguna, Anayo ɗan mai sayar da kayan gyaran mota a kan jita, sai Bot, Birom ne daga Bukuru, mai busa ƙahon Turawa da sarewar gida. Abin da ya juya musu kai wasu fayafayai ne na jaz da rok da Anayo ya tsinto a gwanjon kayan wani Baturen kuza da zai koma gida. Kiɗa ne wanda ba mai waƙa a ciki, fuska guda ta faifai abu ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. Suka saurara har allura ta gaji, sannan suka ce su ma za su yi nasu.

Nasun suka sa masa suna "Tafkin Kuza". Kiɗan rawa da kowa ya sani bugu huɗu yake tafiya, nasu bakwai. Anayo yana goga wuyan kwalba a kan tsirkiyar jita har ta yi kuka kamar kyanwa, Bot ya ajiye ƙaho ya ɗauki sarewa a tsakiyar tafiya, Musiliu yana riƙe da su kada su watse. Masu rawa sukan ɗaga ƙafa su rasa inda za su sauke ta. Manajan otal ɗin da suke wasa ya ce wannan abu korar masa mutane yake yi, sai dai su yi shi ranar Litinin da yamma, lokacin da kujeru suka fi mutane yawa. Suka yarda. Cikin 'yan tsirarun da ba sa tashi har a gama akwai wata ma'aikaciyar jinya, Nkoli, wadda daga baya ta zama matar Anayo.

Ba su da abin daidaita sauti, don haka suka yi dabara. Bot ya samo guntun ƙarfen layin dogo, irin wanda ake bugawa a barikin kuza a tashi leburori. Kafin kowane wasa Anayo zai rataye shi, ya buga sau ɗaya, ya ɗaure tsirkiyarsa daidai da muryar ƙarfen, sannan ya ce, "To, mu shiga ruwa."

Aure da hidimar gida suka raba ƙungiyar, ba faɗa ba. Bara Anayo ya rasu. Da Nkoli take kwashe kayansa sai ta ga kaset guda a akwatin jita, an rubuta sunan kiɗan a jikinsa. Ba ta da abin kunnawa, ta aika wa Musiliu da shi tare da roƙo ɗaya: ranar cikar shekara da rasuwar, bayan an taso daga coci, a yi mata "Tafkin Kuza" a tsakar gida. Ɗanta Obum zai riƙe jitar babansa, Bot ma ya amsa. Musiliu ya yi alkawari ba tare da ya tsaya tunani ba.

Ya kakkaɓe tsohuwar rikodarsa, ya sayo sababbin batura don kada ya cuci kaset ɗin, ya fito da gangunan da suka daɗe a ƙarƙashin gado a gidansa na Dutse Uku. Ya danna. Abin da ya fito ya ba shi tsoro. Gudu kiɗan yake kamar an biyo shi. Ya ɗauki sanduna ya bi, kafin ya kai bugu na biyar yaran cikin kaset sun zagayo sun wuce shi. Ya gwada da safe, ya gwada bayan la'asar, ya shafa man zafi a wuyan hannu, ya canza batura ya ƙara sababbi. Muryar Anayo ma ta fito siririya, amma bai yi mamaki ba. Ya ce a ransa ai haka muke a lokacin, muryoyinmu ƙanana, jininmu na tafasa. Ashe haka na iya gudu, ashe haka na lalace.

Da ranar ta matso ya naɗe rikodar a ƙyalle, ya hau keke napep zuwa Daɗin Kowa. Ya gwammace ya faɗa mata da bakinsa da ya je ya kunyata mamaci a gaban 'ya'yansa.

Ya same ta a ɗan shagonta na kayan masarufi da ke jikin gida. Suka gaisa, ta tambayi Funke da jikoki, ta tsokane shi cewa har yanzu bai gama rigar da ya yi wa mijinta alkawari tun zamanin soja ba. Ya yi dariyar yaƙe, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi: hannu ya tsufa, a nemi yaro.

"Baba Funke, wane yaro ne zai ƙirga bakwai bai faɗi ba? Kunna in ji abin da ya kayar da kai."

Ya danna. Ƙarfe ya yi ƙara, wata 'yar murya ta ce a shiga ruwa. Nkoli ta ɗaga hannu ya tsayar.

"Wannan wane ne?"

"Oga Anayo mana."

"Mijina bai taɓa magana kamar ɗan firamare ba. Ko ranar da ya zo neman aurena, da tsoro da komai, muryarsa ta fi wannan kauri."

Ta tashi ta nufi ƙofar shagon, ta janye abin da ke tokare da ita. Guntun ƙarfen ne, ya yi tsatsa, shekara da shekaru yana aikin tare ƙofa. Ta zura igiya a raminsa ta ɗaga, ta miƙa masa cokali. Ya buga. Muryar ta fito mai zurfi, ƙasa da ta cikin kaset nesa ba kusa ba. Ya mayar da kaset baya, ya sake ji, ya sake buga ƙarfen. Mutum yana iya canza murya, amma ƙarfe fa?

Nan ranar da aka ɗauki kaset ɗin ta dawo masa. Babu wuta a otal ɗin, kuma baturan rikodar aro ne. Ya tuna Anayo ya jera su a kan bangon baya yana shanya su a rana, har yana ɗan cizon gefensu wai su farfaɗo. A gajiye injin ya ja zaren kaset ɗin ranar da aka ɗauka. Shi kuwa ya zo yana kunna shi da sababbin batura, dole kiɗan ya yi gudun da ba a taɓa yi ba.

Nkoli ta shiga gida ta fito da tocilan ɗinta mai hasken ja-ja, ta zazzage baturan a tafin hannunsa. Waɗannan sun mutu da yawa, kiɗan ya riƙa jan ciki. Suka ciro biyu, suka haɗa da biyu na rediyon maƙwabciya. Ya danna, ya buga ƙarfen tare da na cikin kaset, muryoyin biyu suka kwanta a kan juna.

"To, mu shiga ruwa," in ji Anayo, da muryarsa ta gaske.

Nkoli ta zauna a kan buhun shinkafa, ta kama bakin zanenta. Musiliu bai dube ta ba. Yatsunsa sun riga sun sauka a kan kantar shagon, huɗu, uku, numfashi, daidai tafiyar da ƙafarsa take yi a kan keke duk waɗannan shekaru. Bai yi gaba ba, bai yi baya ba, har sarewar Bot ta shigo.

Da zai tafi ya ce ta aika wa Obum ya zo gwaji ranar Litinin da yamma. Ya saɓa ƙarfen a kafaɗa, ta ce ya dawo mata da shi bayan taro, don ƙofarta ba ta tsayuwa sai da shi.