Goyon Siminti a Yelwa

Shekara ashirin da biyu Liatu ta yi tana shara a wata makaranta a Yelwa, a sashen masu koyon zane da sassaƙa. Matan da ɗalibai ke zanawa ba su taɓa burge ta ba. Kullum mace ce mai dogon wuya, da tulu a ka, tana washe baki. Ita kuwa tun tana ƙarama take ɗaukar tulu, ta san wuya ciwo yake yi.

Wata shekara wani ɗalibi mai suna Paul ya roƙe ta ta riƙa tsaya masa, zai yi mutum-mutuminta da siminti. Lokacin tana goyon 'yarta Rifkatu.

"Anti, ki ɗan yi murmushi mana," in ji shi.

Ta ce, "Yi ni yadda ka gan ni, ko ka nemi wata."

Haka kuwa ya yi ta, baki a tsuke, kafaɗa a karkace, jaririya ta kwantar da kunci a bayanta. Aka kafa mutum-mutumin a gindin wata bishiyar dogon yaro.

Damina na zagayowa ƙyanda ta ɗauke Rifkatu. Ko hoto ba a taɓa yi mata ba. Tun daga nan, kowace safiya kafin ta taɓa tsintsiya, sai Liatu ta goge 'yar fuskar jaririyar simintin nan da bakin zaninta. Ɗalibai suka yi ta zuwa suna wucewa, har ba sauran wanda ya san wace ce a jikin simintin.

Bara ciwon baya ya kwantar da ita mako guda. Da ta dawo sai ta tarar an sare bishiyar, leburori na gina sabon aji. Ta nufi ɗayansu, Mudathir.

"Ɗana, ina matar da ke tsaye a nan?"

"Wannan tsohon gunkin? Ai mun fasa shi, Mama. Da shi aka cike harsashi."

"Har da goyon?"

Ya sosa ƙeya. "Wallahi ban lura da goyo ba."

Ta zauna a kan bulo har rana ta take, ba wanda ya ce mata ta tashi. Daga ranar ba ta sake komawa aiki ba.

Yanzu tana ɗakinta, ba ta cika fita ba. Wata maƙwabciya da ta kai mata kunu ta ce ta tarar da ita ido a rufe, tana ƙoƙarin tuna fuskar yarinyar. Kunne ɗaya kawai take iya gani.