Shaidar Hadi Maƙeri a Kan Bindigar Hamma

Ranar kasuwar Ajingi, idan ka bi layin maƙera har ƙarshe, za ka tarar da Hadi a rumfar kara, fartanyoyi zube a gabansa, bindigogin maharba biyu ko uku a jingine suna jiran gyara. Mutumin garin Balan ne, ɗan maƙeri jikan maƙeri. A shekarar saba'in da biyar na kai masa garmar gidanmu, na zauna jira, tun daga nan kuma na riƙa komawa. Labarinsa bai ba ni shi a zama ɗaya ba.

Akwai mutumin da ba ya rabuwa da rumfar. Sunansa Hamma, Bafulatani dogo, hannunsa na dama a shanye. Kasuwa duk Mai-yashi take kiransa, domin an ce shi ne kurtun da ya lalata bindigar gwamnati da yashi aka koro shi. Abu ɗaya ke kawo shi: yana so Hadi ya faɗa da bakinsa, a gaban mutane, cewa ba haka aka yi ba.

Lokacin yaƙin basasa, a shekarar sittin da takwas, mota ɗaya ta kwashe su daga Gaya zuwa barikin horo. Rana ta take, ruwa ya ƙare. Hamma yana riƙe da goran fura da mahaifiyarsa Dada ta dama masa. Hadi ya roƙa.

Hamma ya dube shi sama da ƙasa. "Bakin maƙeri a goran Dada? Tara hannunka."

Mota ta fashe da dariya. Hadi ya tara hannu biyu, aka tsiyaya masa, ya sha, sauran ya zuba a wandonsa.

"Furar ta wuce," ya ce mini, yana taɓa maƙogwaro. "Maganar ce ta tsaya nan."

A bariki aka ga ya san ƙarfe, aka sa shi ɗakin makamai. Can ya fara ganin bindigar da ke ɗura wa kanta harsashi, kai dai ka ja kunama, ta tashi, ta sake shiri. A cikinta akwai ƙarfe mai kai da komo, kamar sakatar ƙofa. Idan sabuwa ce, cikinta baƙi ne wuluk. Da an yi harbi talatin ko arba'in, baƙin zai goge a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, a ga farin layi biyu a gefen sakatar, da ɗan tabo mai sheƙi a bayanta.

"Wannan ba ciwo ba ne," in ji Hadi. "Sabo ne. Dubi ƙotar fartanyar nan, inda hannu ke kamawa ya yi sumul. To haka. Zanen sabo a miƙe yake, wuri ɗaya. Zanen yashi kuwa barbaje yake, kamar kaza ta yi tono. Da ido a rufe sai in bambance su da yatsa."

Bindigogin kurata duk tsofaffi ne, cikinsu ya riga ya yi fari fat, ba wanda ke lura. Guda ɗaya ce sabuwa daga akwati, ita ta faɗo hannun Hamma. Ranar da suka dawo daga filin harbi, ya yi tuntuɓe, ta faɗi ƙasa sau ɗaya. Ya ɗauka ya kakkaɓe.

Washegari aka yi duban makamai. Mai duban wani saje ne, Gaji, wanda yaƙi ya ba igiya da wuri, bai taɓa buɗe sabuwar irin wannan ba. Ya zare sakatar bindigar Hamma, ya ga farin layi a kan baƙi.

"Kai, ɗan Fulani! Ƙwaryar tatsa ka ɗauke ta da za ka dirje ta da yashi?"

"Wallahi ranka ya daɗe, tsumma da mai kawai na sa."

"A kira maƙerin nan!"

Hadi ya zo. Ya karɓi sakatar, ya bi layin da babban yatsa. A miƙe yake, sumul, ba ko ƙwarzane. Hamma ya yi ƙasa da murya: "Ɗan garinmu, gaya masa."

Hadi ya miƙa wa saje ƙarfen. "Yashi ne."

Aka sa Hamma ya ɗaga bindigar sama da kai yana zagaya fili da gudu, tun hantsi. Duk lokacin da hannun dama ya sauko, saje ya kai masa gindin bindiga a kafaɗa. A duka na uku aka ji ƙarar ƙashi. Kafin la'asar an ɗauke shi a kwance. Bayan wata biyu aka sallame shi, ko ƙarar yaƙi bai ji ba, labarin yashi kuma ya riga shi isa gida.

Da hannu ɗaya ba a tatsa, ba a ɗaure maraƙi. Shekarar fari 'yan'uwansa suka kora shanu kudu suka bar shi da Dada. Da ta rasu ya gangaro Ajingi.

Hadi kuwa ya gama yaƙi lafiya, ya dawo da yatsunsa goma. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya huɗu. Maharba daga Kademi har nan suke kawo masa gyara, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya cuce shi a aiki ba.

Na ce, "Malam Hadi, tunda ka san gaskiya, me zai hana ka gaya masa? Shekara bakwai ke nan."

"Ai shi Hamman ma bai tabbata ba," ya ce. "Faɗuwar nan ɗaya ita ke cinsa. Wani lokaci yana ganin ko shi ya yi."

Ya ci gaba da dukan ƙarfe.

Da azahar ta gabato sai ga Hamma. Ya yi sallama, ya tsuguna a bakin rumfa. Maharba uku na zaune a kan benci. Ɗayansu ya ce, "Mai-yashi, yau ba ka zo mana da guzurin rairayi ba?" Suka yi dariya. Hamma ma ya yi yaƙe.

Mai fura ta kawo wa Hadi tasa, ta dama, ta ajiye masa ƙwarya da ludayi. Hamma ya jira har Hadi ya sha ludayi uku.

"Malam Hadi, don girman Allah, ga mutane. Ka tuna da kyau. Sau ɗaya fa ta faɗi, kuma a rufe take. Yashi zai shiga har can?"

Na dubi Hadi. Na ɗauka ganina a wurin zai sa ya ji nauyi. Ya goge baki da bayan hannu.

"Ni na duba ta da yatsana, Hamma. Yashi ne." Ya ɗebo fura cike da ludayi. "Ba ka ci komai ba yau, ko? Matso. Tara hannunka."

Hamma ya matso, ya tara na hagu. Hannu ɗaya ba ya riƙe fura. Ta bi tsakanin yatsunsa tana ɗiga a tokar maƙera, yana sauri ya kai baki kafin ta ƙare.