Hular Maigidana da Sabon Kyaftin

Maigidana mai aski ne, kuma kansa ba gashi. Na fara da wannan ne don shi ne abin da ya fi ƙin a sani duk duniya, yanzu kuwa ya ce in faɗa ba komai. Lokacin da na aure shi, sumarsa sai da mataji mai manyan haƙora take tajuwa. Bayan haihuwarmu ta biyu goshinsa ya soma ja da baya, kafin autarmu ta yi wayo tsakiyar kai ta zama fili fetal. Ranar da ya tabbatar abin ba mai dawowa ba ne ya sayo wata baƙar hula ya kifa, tun daga nan ba wanda ya yarda ya buɗe wa kansa sai ni. A cewarsa, wa zai miƙa kai ga mai askin da ya kasa riƙe nasa gashin?

Ni tela ce, shagona na jikin nasa, labule kawai ya raba mu ta ciki. Ina kan keken ɗinki ina jin duk abin da ake yi a can. A wajen kawunsa ya koyi aikin, daga sharar gashi ya fara, kuma har yau ba ya yarda wani ya taɓa masa inji. Da tsohon buroshin goge baki yake tsabtace shi, ya ɗiga masa mai, ya kara a kunne ya saurara kamar likita. Kujera ɗaya ce a shagon, sai dogon benci, sai talabijin a sama. Akwai babban madubi a gaba, ya kuma ƙara wani a bangon baya don wanda ake yi wa aski ya riƙa ganin ƙeyarsa ba sai an ɗago masa na hannu ba. Da wannan dabara yake alfahari, duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa.

Mai sanƙo ma yana buƙatar aski, abin da mutane ba su sani ba ke nan. Ɗan gashin da ya rage a bayan kunne da ƙeya yakan fito ya leƙo ta ƙarƙashin hula. Zuwa wajen wani mai askin kuwa, ai gara ya rufe shago. Saboda haka ni ce mai askinsa. Duk ƙarshen mako da safe, in yara sun fita, sai ya sa wa ƙofar ɗaki sakata, ya zauna a kujerar tsuguno, ya miƙo mini reza da sabulu. Ina yi yana ba da umarni.

"Maman yara, sassauta hannu, kai ne ba yadi ba."

"To karɓi ka yi da kanka, tun da kai ne gwani."

Sai ya ƙara miƙo mini kan. Ban taɓa gaya masa ba, amma duk mako ba lokacin da nake so kamar wannan.

Sunan da ya yi a unguwa kuwa daga wani shiri mai dogon zango ya samo shi, na wani kumbo da ke yawo tsakanin taurari yana neman wa mutane sabuwar duniya. Shugaban kumbon, wanda kowa ke kira Kyaftin, yana da wani irin aski: gefe a ƙasa, sama a cike, ga tsaga biyu da suka lanƙwasa a hagu. Maigidana ya yi ta kallo har ya gane yadda ake fitar da tsagar, ya gwada a kan ƙanena, ta fito sak. Shi ke nan, askin Kyaftin ya zama nasa. In zai ja tsagar nan yakan ɗauke numfashi, harshe a waje, ko kiransa ka yi ba zai amsa ba. Ranar da ake nuna shirin da yamma, benci ba ya isa, har kujerun shagona ake ara. Akwai 'yan gaban goshi da ba sa fashi: Direba, mai baki kamar rediyo, da Malamin Lissafi, wanda ke bayyana wa mutane abin da suka riga suka gani, da Mai Waya, wanda ke gyaran wayoyi a tsallaken titi, magidanci ne mai yawan murmushi.

Ana nan sai aka ji jarumin da ke fitowa a Kyaftin ya bar shirin, an ɗauko wani. Mai Waya ne ya kawo hoton a wayarsa, ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Sabon Kyaftin gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kansa kuma tal, yana ɗaukar ido.

"Wannan ne zai tuƙa mana kumbo?" in ji Direba. "Ai in rana ta haska kansa sai abokan gaba su hango mu tun daga wata duniya!"

Aka fashe da dariya. Malamin Lissafi ya ce shi ba gashin ne ya dame shi ba, tsari ne: mutum ya shiga kumbo da suma ya fito babu, ba a yi wa jama'a bayani ba. Wani ya ce a waya duk duniya zagi ake ta yi, har an ce a ƙaurace wa shirin. Direba ya juya wajen maigidana.

"Mai Aski, kai aka fi cuta. Sun kashe maka sana'a. Wa zai zo ya ce a yi masa askin wannan? Ai ko matata za ta iya da reza."

Ina bayan labule na ji maganar nan har cikin raina. Sai na ji ƙarar injin maigidana ta ƙaru.

Haka aka yi ta yi mako bayan mako. Ba wanda ya ƙaurace, don bakinsu ne kawai, duk suna zuwa. Amma kallon ya koma na tsiya. Da Kyaftin ya fito sai a fara: kan kwano, kan tulu, fitilar kumbo. Maigidana yana tsaye da almakashi yana yaƙe, ya dawo gida ya kasa cin abincin kirki. Abin da ya ƙara masa zafi, shi sabon jarumin ya burge shi. Na kama shi a tsakar gida yana maimaita shirin a waya.

"Dubi yadda yake tsayawa," ya ce da ni. "Ba ya ihu kamar wancan. In ya yi shiru kowa sai ya nutsu. Wallahi ya fi iyawa."

"To ka faɗa musu mana."

"In faɗa su ce me ya haɗa ni da shi? Su fara kallon hulata?"

Abin ya tsaya masa a wuya. In ya yi magana yana tsoron asirinsa ya tonu a gaban mutanen da yake wa gyaran kai, in ya yi shiru kuma ana zaginsa a shagonsa yana taya su dariya. Na tausaya masa, na kuma ji haushinsa, don ni ban ga abin kunya a kan nan da nake wankewa da hannuna ba.

Wata safiya, shago ba kowa, sai ga Mai Waya ya shigo yana waige-waige. Shi ma kwanan nan ya tsiri sa hula, mun ɗauka gayu ne. Bai san ina ɗaura zare a bayan labule ba. Ya zauna ya cire hular.

"Mai Aski, don Allah duba mini nan," ya ce ƙasa-ƙasa. "Tsakiyar ce take zubewa. Ba yadda za ka yi ka kwanto da na gefe ya rufe? In Direba ya gani na shiga uku."

Na leƙa. Maigidana ya daɗe tsaye yana kallon kan mutumin nan, mataji a hannu. Ya yi masa abin da zai iya, ya rage gefe, ya taje sama. Da ya fita sai maigidana ya zauna a benci, ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ashe shi ma dariyar dole yake yi."

Da ranar shirin ta zagayo shago ya cika kamar kullum. A ranar ne kumbon ya lalace, Kyaftin ya fita shi kaɗai ya gyara. Da ya dawo ciki ya cire hular ƙarfe, gumi na sheƙi a kansa, Direba ya ce, "To, an kunna fitila!" Mai Waya ya yi dariya yana danna tasa hular.

Maigidana ya kashe inji. Ya ajiye shi a hankali, ya sa hannu ya cire hularsa ya rataye a ƙusa.

"Ga wata fitilar," ya ce. "Wanda zai yi dariya ya yi, wanda zai sauya mai aski ƙofa a buɗe take. Amma mutumin nan ya iya aikinsa, kuma ba da gashi ake yinsa ba."

Na tsayar da keke. Direba ya dubi Malamin Lissafi, Malamin ya dubi ƙasa. Can Direba ya sosa ƙeya.

"Haba Mai Aski. Ai mun sani."

"Kun san me?"

"Kan naka mana. Tun ɗana na fari yana rarrafe."

Maigidana ya juyo ya harari labule, wato ni. Na fito na ce wallahi ban taɓa gaya wa ko uwata ba. Malamin Lissafi ya miƙe, don ga dama ta samu ta yin bayani. Ya kama hannun maigidana ya zaunar da shi a kujerar aski, wadda bai taɓa zama a kai ba tun da ya saye ta, ya ce ya dubi madubi. A kusurwar shagon akwai famfo, inda maigidana ke zuwa in zafi ya dame shi, ya juya wa mutane baya, ya ɗaga hula ya share gumi da tawul. Madubin baya yana ɗauko kusurwar nan gaba ɗaya ya miƙa wa na gaba. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar nan ya ga kan maigidana, da dabarar da shi kansa ya kafa.

"To me ya hana ku faɗa?" ya tambaya.

"Mun ga ba ka so ne," in ji Direba. "Ko baƙo ya zo yana shirin magana, taka masa ƙafa nake yi."

"Kuna sane kuma kuke zagin wannan bawan Allah a gabana?"

Direba ya sunkuyar da kai. "Wallahi mantawa muke yi kana da shi. Mu Mai Aski muke gani. Ka yi haƙuri."

Maigidana ya dubi kansa a madubin gaba, ya dubi ƙeyarsa a na baya, sai dariya ta ƙwace masa, har da hawaye. Mai Waya bai cire hularsa a ranar ba, amma da safe shi ya fara zuwa, ya ce a yi masa askin sabon Kyaftin, a kwashe duka. Direba har yau yana cewa tsohon ya fi, sai dai yanzu tsayin sabon yake zagi. Masu son tsaga biyu ba su daina zuwa ba, hular kuma tana nan a ƙusa tana shan ƙura.

Ni ce ma na shiga damuwa, ban gaya wa kowa ba. Tun da ba sauran ɓoyo, na ɗauka zai riƙa zuwa wajen abokan sana'arsa su yi masa na gwanaye. Da ƙarshen mako ya zo, yara suka fita, na ɗauko tsintsiya kamar ban san ranar ba. Sai na ji ya jawo kujerar tsuguno, ya miƙo mini reza da sabulu, ya je ya sa wa ƙofa sakata.

"Baban yara, sakatar ta mece ce kuma? Ai duk gari an gani."

"An ga kan," ya ce yana zama. "Ba a ga mai askina ba. Ki sassauta hannu."