Ƙarar Ƙofa a Aji Shida

Shekara da shekaru ina koyar da Turanci a wata firamare ta ƙasar Kusada, kuma babu darasin da nake so kamar na kalmomin ƙara. Ban taɓa tsayawa dogon bayani ba. In zan koyar da “crash”, sai in aro faranti wajen mai ƙosai in sake shi ƙasa. “Boom” kuwa tsohon duro nake doka wa taɓarya. Na “bang” ya fi sauƙi, ƙofar ƙarfen aji nake bankawa da ƙarfi. Yara su yi ta dariya, kalma ta zauna daram.

Bara akwai wata yarinya a ajina, daga wani ƙauye kusa da Yashe. Kanta yana ja ƙwarai. Da ƙyar na shawo kan mahaifinta ya bar ta ta zauna jarrabawar shiga sakandare a Kankiya, don tun da ɓarayin daji suka fara shiga ƙauyuka yake son ta zauna gida.

Ranar darasin na banka ƙofa yadda na saba. Wallahi ko mutum ɗaya bai yi dariya ba. Ajin ya tarwatse, wasu ƙarƙashin benci, wasu ta taga. Maƙwabtan aji suka ji ihu, su ma suka ɗiba a guje. Kafin in buɗe baki iyaye mata sun cika filin makaranta ba mayafi, kowace tana kiran ɗanta. Yarinyar nan ta taga ta dira, ta karye a hannu.

Hedimasta ya ce daga yau a allo kawai zan riƙa rubutawa. Wani babba ya zo daga ofis ya yi mini faɗa kan ƙofa, shi da ko sau ɗaya bai taɓa tambayar abin da ya sa yara suka koma haka ba. Har yanzu abin yana ci mini rai.

Na bi ta gida. Na tarar da uban a zaure yana gyaran garma, na roƙe shi ya maido ta.

Ya ce, “Malam, ba ni na riƙe ta ba. Ita ta ce ba ta komawa.”

Na ce a kira mini ita. Ta fito da hannu a ɗaure, ta durƙusa ta gaishe ni. Na rantse mata ba zan ƙara taɓa ƙofar ba.

Ta ce, “Malam, na san kai ne. Tun ina bisa taga na sani. Ƙafafuna ne ba su yarda ba.”