Yayata Mai Fizge Waya

In ka ce Yaya injiniya ce, Baba zai gyara maka: "Injiniyar ɓarna dai." Gaisuwarta ta farko ga kowace sabuwar na'ura ita ce ta fizge mata waya tana tsakiyar aiki.

Asibiti ɗaya muke. Ni nas ce a ɗakin haihuwa, ita kuma tana wani ɗaki mai sanyi kamar firji a ƙarƙashin bene, tana kula da sabar, babbar kwamfutar da ke riƙe da sakamakon gwajin majiyyata. Shekara goma sha ɗaya tana can cikin rigar sanyi, kuma ban taɓa neman sakamakon jinin wata na rasa ba.

Ta taɓa yi min bayani muna wanke-wanke. "Auta, na'urar kirki ba ta taɓa fayil sai ta fara rubuta niyyarta a ɗan kundinta. In wuta ta ɗauke, da ta farfaɗo sai ta duba kundin, ta ƙarasa abin da ta fara ko ta watsar da shi. Ba ta barin rabi da rabi."

Bara aka sayo sabuwar sabar. Mai kawo kayan ya kashe kundin wai don ta ƙara gudu, Yaya kuwa ta ƙi sa hannu a fara aiki da ita. Manaja ya ce in aka tashi ran Juma'a ba ta sa ba, ta nemi wani aikin. Ni kam har na ce ta sa kawai a huta. Ko kallona ba ta yi ba.

Ran Juma'a da hantsi na sauka ɗakinta, na tarar da su ukun: ita, manaja da mai kaya. Yaya ta zuba wa na'urar fayilolin gwaji na ƙarya, na'urar tana ta rubutawa.

"Yallaɓai, akwai janareta, akwai batir," in ji mai kaya. "Me zai faru?"

Yaya ta durƙusa ta fizge wayar. Mai kaya ya dafe kai. Da aka mayar, minti arba'in na'urar tana laluben kanta, ta tashi da fayil goma sha bakwai a hargitse. Yaya ta kunna kundin, ta sake zubawa, ta sake fizgewa. Daƙiƙa tara, komai garau.

Wallahi ji na yi kamar in yi guɗa a gaban manaja.

"Da na mutane ne fa, sha bakwai ɗin nan?" manaja ya tambaya a hankali.

"Da wata tana kan gado tana zubar da jini, Yallaɓai, Auta tana neman rukunin jininta."

Ya miƙa mata biro da takardar. Ba ta karɓa ba.

"Sau ashirin nake fizgewa da kundin a kunne. Saura sha tara."

Manaja ya ja kujera ya zauna.