Hutun da na tilasta wa mahaifiyata

Shekarun baya, zamanin da Nasara ke mulki, na samu aikin awon gyaɗa a wani kanti a Maraɗi. Ga keke, ga wandon kaki, kaina ya kumbura har gaisuwa sai na ga dama. Abin da ya rage mini shi ne in raba mahaifiyata da wahala. Tana Jiratawa, tana noman albasa a ɗan lambunta na bakin gulbi, kullum cikin jan guga, ƙafa duk kaushi. Na je na ɗauko ta, ko shawararta ban nema ba.

Na gina mata ɗaki, na sayo gadon ƙarfe, na kafa doka: ba daka, ba surfe, ba zuwa rijiya. Ina dalili a ga uwar mai awo da taɓarya?

Wata biyu ba su cika ba ta fara ramewa. Tuwo sai ta taɓa ta ture. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗi, balle ta zauna ta gaya mini damuwarta. In na tambaya, sai ta dubi bango ta ce, "Lahiya lau." Na kai ta asibiti wurin lokotoro, ya ce bai ga komai ba. Kawuna ya zo daga Tibiri ya ce iskokin gari ne ba su karɓe ta ba, aka yi ta hayaƙi. Tsoro ya kama ni ƙwarai, na ga za ta mutu a hannuna.

Can sai ta fara murmurewa. Kawu ya ce hayaƙinsa ne, ni na ce naman da nake sayowa ne.

Wata rana Baturen kantin ya ce in raka shi bayan sito, inda mata ke sheƙar gyaɗa. Tun daga nesa na ji wata dariya da na sani tun ina goye. Mahaifiyata ce a tsakiyarsu, ta ci ɗamara, ƙura har gira, tana nuna wa wata yadda ake bin iska. Ashe da na hau keke da safe take ficewa, da sanin matata.

Tana ganina ta ajiye ƙwaryar, ta sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da sata. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Baturen ya ce tsohuwar nan ta fi kowa iya aiki, wace ce? Cikin kunya na ce, "Ita ta haife ni."

Da muka koma gida ba ta dube ni ba, matata ta duba. "Ki hwaɗa ma mai gidanki, ban raina abin da ya yi mini ba, Allah shi yi mishi albarka. Amma tun da na zo garin ga, ba wanda ya taɓa cewa, Inna, zo ki kama mini. Mutum shi kwana shi tashi ba mai bukatarshi, mi ya rage mishi?"

Na ce gobe zan mayar da ita Jiratawa. Ta ce wa matata a'a, garin bai yi mata komai ba, a dai bar mata turmi. Ta zauna da mu shekaru masu yawa, tana daka, tana faɗa, tana dariya.

Na daɗe ina zaton abin da ka tara wa mutum shi ke kwantar masa da rai. Sai da na tsufa, aka fara karɓe mini komai daga hannu ana cewa in huta, sannan na fahimce ta sosai. Jiya jikata ta kawo mini igiyar akuya da ta tsinke, ta ce, "Kaka, taimaka mini." Na san akwai sabuwa a ɗaki. Ban nuna mata na sani ba, na zauna ina tufka har la'asar.